Alherin Surukin Alhaji

Shekarun da na yi ina sakatariya a wata ƙungiyar masu kiwon shanu a nan Dutse, aikina na farko kowace safiya shara ne. Ba sharar tsintsiya ba, wannan akwai mai yi. Sharar akwatin imel nake nufi. Ina sauka daga adaidaita sai in buɗe tagogi, in kunna kwamfuta, in zauna ina goge saƙonnin banza: wata bazawara da mijinta ya mutu ya bar mata dukiya tana neman amintacce, wani mai tallan maganin da bakina ba zai iya faɗa ba, wani mai taya mu murnar cin gasar da ba mu shiga ba. Muna da na'urar saƙonni tamu ta kanmu, wadda wani shirin taimakon makiyaya ya kafa mana kafin ya tattara komatsansa ya tafi. A ɗakin shugabanmu, Alhaji, aka ajiye ta, don nan ne kaɗai fanka ke juyawa ko an ɗauke wuta. A cikinta akwai wata irin rariya da ke tare yawancin shirmen tun daga ƙofa. Abin da ya zurare shi ne rabona.

Ta wannan akwatin komai ke shigo mana: gayyatar taro, sanarwar rigakafi, da sakamakon gwajin jinin dabbobi daga wani babban ɗakin gwaji da ke wata jiha mai nisa. Mutanen ɗakin gwajin nan ba sa ɗaga ƙafa. Adireshin da ƙungiya ta yi rajista da shi, can kawai suke turawa, ko da za ka kwanta musu a ƙasa kana birgima.

Alhaji mutumin kirki ne, kuma wannan ne ke ƙara ƙona min rai in na tuna. Da mugu ne da na huta, in yi masa Allah ya isa in wuce. A ruga aka haife shi, ya yi boko, ya yi aikin gwamnati har ya ajiye, amma kunyar da ya taso da ita ko ƙwayar gero ba ta ragu ba. 'Yarsa ta fari ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, sai dai "yarinyar nan". Mijinta kuwa "yaron nan" ne, ko "mutumin Kano". Ba sa haɗa ido, ba sa zama ɗaki ɗaya, ba sa magana a waya. Ni ba baƙuwar wannan al'ada ba ce. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayanmu ba, kuma na san irin son da ke ɓoye a cikin wannan kawaicin. Ban taɓa tunanin wata rana zan ji haushinsa ba.

Wata rana Alhaji ya yi ƙorafi a gida cewa intanet ɗin ofis tafiyar hawainiya yake yi. Ban san ta wace kafa maganar ta bi ba, amma ta isa Kano, kunnen surukin, wanda aikin kwamfuta yake yi a wani kamfani. Da ya kawo matarsa ganin gida sai ga shi a ofis da sabon akwatin intanet a kwali. Alhaji na jin tsayawar motarsa ya tuna yana da ta'aziyya a Limawa, ya zari hularsa ya bi ta ƙofar baya. Babu wanda ya rasu a Limawa a makon nan. A unguwar nake zaune, da na ji.

Yaro ne mai ladabi, wannan ba zan tauye masa ba. Sai da ya cire takalmi kafin ya shiga ɗakin Alhaji, alhali ba kowa a ciki sai kujera. Ya haɗa akwatin, ya ce min ya sa mana lambobin DNS na wani babban kamfanin ƙasar waje, irin waɗanda masu gyaran waya ke sa wa kowa, ya ce yanzu shafuka za su riƙa buɗewa kafin in ƙifta ido. A lokacin ban san mene ne DNS ba, kuma ban tambaya ba. Sai ya hango na'urar saƙonni a kusurwa, ya ce tunda ya zo bari ita ma ya sa mata, kada a bar ta a baya. Ya tambaye ni kalmar sirrinta. Na ce sunan ƙungiyarmu ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya canza ta nan take, kuma a nan kam yana da gaskiya. Na miƙa masa biro na ce ya rubuta min sabuwar.

Ya ce, "Anti, irin wannan mabuɗi shugaba kaɗai ya kamata ya riƙe. Zan tura wa Baba."

Na dube shi kawai. Mutumin da ko gaisuwa daga bayan ƙofa yake durƙusawa ya aika da ita, shi ne zai tura wa Baba saƙo a waya. Amma baƙo ne, kuma alheri ya zo yi, sai na yi masa godiya na kawo masa ruwan sanyi.

Washegari na zauna shara na tarar babu abin sharewa. Bazawarar ba ta rubuto ba, mai magani ya yi ɗif, masu gasa sun manta da mu. Kashegari ma haka. In na tura wa likitan dabbobinmu saƙo daga teburina yana samu, in mun aika wani abu waje yana tafiya lafiya, ga shafuka na buɗewa da gudu kamar yadda aka yi alkawari. Lokacin kuma farkon damina ne, kowa ya koma gona, ba a cika rubuto mana ba. A taron wata Alhaji ya gyara murya a gaban wakilai ya ce, "Tun da yaron nan ya sa hannu a na'urar nan, ko ɗan damfara ɗaya bai ƙara leƙo mu ba." Ɗaki ya ɗauka: Allah ya yi masa albarka, Alhaji ka yi dacen suruki. Alhaji ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, kunya da daɗi sun haɗe masa. Ni ma na ce amin, don na samu damar shan shayina da zafinsa.

A cikin wannan shirun ne Kawu ya zo.

Ƙanen mahaifiyata ne, yana zaune a wata ruga wajen Aujara. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka ba ya kiran sunana, Dada yake ce min, wato uwa da Fulatanci. Shanunsa ba su da yawa, kuma sun dawo daga kiwon rani a kudu ke nan. A cikinsu akwai wata farar saniya, jikar jikar wadda kakarmu ta zo da ita gidan aure. Ita kaɗai ta rage a wannan tsatso, sauran kuwa fari da ɓarayi sun raba. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ita kaɗai ke tatsar ta. In wani ya matso da ƙwarya sai saniyar ta yi masa harbin da zai tuna har shekara. Inna ba ta samu haihuwa ba, kuma duk rugar an san da wa take hira in ta fita da sassafe.

Saniyar nan ce ta dawo a rame, gashi a tashe, ido na hawaye, ga tari. Tarin ne ya tayar da hankalin maƙwabta, don tafki ɗaya dabbobinsu ke sha, kuma babu makiyayin da ba ya tsoron ciwon huhu. In ya shiga garke ba ya fita da sauƙi. Ardon rugar ya tara mutane aka yi magana, ya yanke cewa a ɗaure ta ita kaɗai, a nemi likita. In takardar gwaji ta ce ba huhu ba ne, ta zauna. In har wata ranar kasuwa da ya ambata ta zo babu takarda, a kai ta Jahun a ba mahauta. Ban ga laifin ardo ba, dukiyar mutane ce a wuyansa. Kawu ya amsa a gaban jama'a ya ce ya yarda.

Likita ya je ya duba ta. Ya ce ya fi zaton sammore ce, ciwon da ƙudaje ke sa wa shanu a kudu, ya yi mata allura, amma ya ce ba zai rantse ba huhu ba ne sai ya ga sakamako. Ya ɗebi jini muka aika. Lokacin da ardo ya bayar ya ishi sakamakon ya zo har ya huta. Na ce wa Kawu ya kwantar da hankalinsa, ni ce a kan akwatin, yana faɗowa zan kira shi.

Shi ya riƙa kirana. Rugarsu ba sabis, sai ya hau wata jigawa a bayan gonaki kafin waya ta kama. Kullum da hantsi sai in ji muryarsa, iska na kaɗawa a bayanta.

"Dada, takardar ta zo?"

"Tukuna, Kawu."

"To. Allah ya kawo ta."

Ba ya ƙara komai. Ni ce nake ajiye wayar in buɗe akwati in rufe, in sake buɗewa, yana nan fes kamar an wanke shi da sabulu. Da abin ya ishe ni na nemo lambar ɗakin gwajin na kira. Wani magatakarda ya duba ya ce ai sun tura tuntuni, saƙon ya dawo musu, sun sake turawa ya sake dawowa. Na ce to ya karanta min abin da ke ciki. Ya ce shi ba ya iya buɗewa, na'ura ce ke turawa da kanta. Na ce ya tura wa adireshina na waya. Ya ce sai ƙungiya ta rubuto neman canjin adireshi, kwamiti ya zauna a kai. Na tambaye shi yaushe kwamitin zai zauna. Ya ce bai sani ba, Hajiya, ku dai gyara akwatinku.

Ranar na koma gida kaina na sarawa. Maƙwabciyata a Limawa wata Kirista ce 'yar Filato, tana aiki a sashen kwamfuta na wani ofishin gwamnati, muna ce mata Madam. Na same ta a tsakar gida tana gyaran alayyafo, na zauna na zazzage mata komai. Ta goge hannu a zani, ta ɗauki wayarta ta ce in faɗa mata adireshinmu. Ta rubuta gaisuwa ta tura. Ko ajiye wayar ba ta yi ba gaisuwar ta dawo mata, da wani dogon Turanci a ƙasa. Ta karanta, ta yi tsaki.

"Malama, wa ya taɓa muku DNS?"

Na ce surukin Alhaji.

Ta yi min bayani yadda zan gane. Ta ce rariyar nan tamu kamar mai gadi ce a bakin ƙofa. Duk saƙon da ya zo, sai ta aika tambaya ga wasu masu sa ido a ƙasar waje, waɗanda aikinsu ke nan tara sunayen masu aika saƙonnin damfara: wannan da ya zo, kun san shi? Amma ba da kanta take zuwa ba, ɗan aike take turawa, shi ne DNS. Da can ɗan aikenmu na gida ne, a cikin na'urar yake. Surukin ya sallame shi ya ɗauko na babban kamfani, wanda duk duniya ke aike. Su kuwa masu sa idon sun daina amsa wa wannan, don yana kawo musu tambayoyin jama'a tuli, ba su san wa ya aiko shi ba. Sai su ce masa, mu ba ma ba da amsa ta hannunka. Na'urarmu kuma tsohuwa ce, abu biyu kawai ta sani: in an yi shiru, mutumin kirki ne, in an yi magana, ɓarawo ne. Ba ta sauraron me aka ce. Don haka duk wanda ya zo, ta aika, aka ce ba ma amsawa, sai ta ce ɓarawo ne ta kore shi.

Na ce, "Kowa da kowa?"

Ta ce, "Har gwamna in ya rubuto."

Wato tsabtar da muka yi ta sa wa albarka a taro, ƙofa ce aka garƙame. Na tambaye ta ko gyaran na da wuya. Ta ce ko kaɗan, a mayar da ɗan aiken gida kawai, in an ba ta kalmar sirri kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama. In babu kalmar ma akwai yadda ake buɗewa ta ƙarfi, amma ita ba ta taɓa na'urar mutane sai mai ita ya ce a taɓa.

Da safe na shiga wajen Alhaji na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai daki-daki. Ya saurare ni har na gama. Na ce ina neman kalmar sirrin da aka turo masa. Ya ce ba a turo masa komai ba. Na ce to a kira a tambaya.

Ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba riga.

"Ni zan kira yaron nan?"

"To ranka ya daɗe, a ba ni lambar in kira."

"Ki ce masa me? Alherin da ya ɗauko tun daga Kano ya kawo mana ya zama ɓarna? Da wane ido zai ƙara shigowa gidana?"

Na ce to a bar Madam ta buɗe ta ƙarfi, ba sai ya ji ba. Ya ce aikin da surukinsa ya yi da hannunsa ba za a ɗauko wata daga waje ta warware ba, in ya zo ya gani fa? Na ce Alhaji, saniyar Kawu ce, kasuwa ta matso. Na ga abin ya taɓa shi, don ya san saniyar, ya san uwarta ma. Sai ya ce in je cikin gida in samu Hajiya, mata sun fi sanin yadda ake bi da irin wannan. Ya ƙara da cewa bai yarda in kira kowa a bayan idonsa ba.

Na fito ina huci. Wallahi ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Ga na'ura ina kallonta ta ƙofa tana ƙyafta 'yar koriyar fitilarta, ga mai gyara a unguwarmu, ga mai mabuɗi da waya a aljihu a Kano, tafiyar da ko azahar ba za ta kai ka ba. Babu wanda ya yi faɗa da wani, babu wanda ya ƙi wani. Kunya ce kawai ta zauna a tsakiya ta miƙe ƙafa.

Hajiya ta tarbe ni da fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ja mayafi ta rufe baki. Ita ce fa surukar, tata kunyar ta ninka ta Alhaji. Na ce to ta gaya wa 'yarta ta gaya wa mijin. Ta ce 'yar fari ce, ita ba ta saba doguwar magana da ita ba, amma akwai goggon yarinyar, ƙanwar Alhaji, ita ce bakinsu a irin wannan. Aka aika aka kira goggo. Na maimaita mata saƙon a hankali, har na sa ta faɗa in ji: na'ura ta daina karɓar saƙo, a turo kalmar sirri yau. Ta ce ta riƙe. Ta ce amma ba a faɗa wa suruki magana tsirara haka, sai an sa mata riga.

Rigar da aka sa mata ta yi kauri. Ban san me goggo ta ce wa yarinyar ba, ban san me yarinyar ta ce wa mijinta ba. Abin da na sani, ana jibi kasuwa direban motar haya ya kawo wa Alhaji saƙo daga Kano: kwalbar turare, da gaisuwa, da cewa wai ba komai, ai yi wa kai ne, Baba ya daina godiya. Alhaji ya kira ni ya nuna min kwalbar, fuskarsa a sake, ya ce in ga irin yaron. Na tsaya ina kallon turaren nan, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Daga nan na daina neman izini. Direban ƙungiyarmu ya taɓa kai rago gidan surukin, na san yana da lambar, amma ya tafi da Likita zagayen rigakafi can cikin ƙauyukan da waya ba ta shiga. Sai ana gobe kasuwa da yamma ya dawo. Na tare shi tun bai kashe mota ba na karɓi lambar. Na kira, ba a ɗauka ba. Na rubuta saƙo tsirara, ba riga ba wando, na tura.

Da hantsin ranar kasuwa surukin ya kira ni da kansa. Muryarsa a tashe.

"Subhanallahi, Anti! Wallahi ban san na'urar na tace saƙo ta wannan hanyar ba. Laifina ne. Me ya sa ba a kira ni tun ranar ba?"

Wannan tambayar ce ta fi komai ci min rai. Bai ji haushi ba, bai ji an ci fuskarsa ba, haƙuri ma yake ta ba ni. Ya karanto min kalmar, ya ce a gyara maza, ko ya taso ne? Duk ginin da aka yi don a kare mutuncinsa, shi bai ma san ana yi ba, kuma bai buƙace shi ba.

Ina ajiyewa Kawu ya kira daga kan jigawarsa.

"Dada, takardar ta zo?"

Na ce, "Kawu, an gano matsalar, yau za a gyara. Don Allah ka roƙi ardo ya ƙara maka ko zuwa gobe."

Ya ce, "Takardar tana hannunki?"

"Ba ta hannuna, amma tana zuwa."

"Na riga na amsa a gaban mutane, Dada. Yaran maƙwabta sun daina gaishe da Innarki a rijiya. Ba zan koma in ce a ƙara min ba."

Na yi ta magiya har wayar ta yanke, ko shi ya yanke, ban sani ba.

Na shiga wajen Alhaji na ce yaron nan da kansa ya ce a gyara. Bai tambaye ni yadda aka yi na ji daga bakinsa ba, ya ce to, tunda shi ya ce. Madam ta baro ofis ta hau adaidaita ta zo. Ruwan da na zuba mata ko rabi ba ta sha ba ta ce an gama. Saƙon farko da ya faɗo, bazawarar nan ce mai dukiya, har yanzu ba ta samu amintacce ba. Ban taɓa murnar ganin 'yar damfara ba sai ranar. Na kira ɗakin gwaji na roƙi magatakarda ya sa a sake turawa. Ya ce mai danna abin ya fita, sai ya dawo. Bai dawo ba sai washegari.

Sakamakon gajere ne. Babu ciwon huhu. Sammore ce, kamar yadda Likita ya zata, kuma allurar da ya yi ita ce maganinta. Likita ya karanta ya ajiye a tebur, ya ce lokaci kawai take buƙata, ya fita waje ya daɗe bai shigo ba. Na kai wa Alhaji. Ya cire tabarau ya goge ido, ya yi salati, ya ce Allah ya mayar wa Kawu da alheri. Sannan ya rage murya ya ce kada dai maganar saniyar ta kai kunnen yaron nan, zai ji ba daɗi. Na tashi na fita, don abin da ke bakina ba na faɗa wa dattijo ba ne.

Na buga takardar na ninke a jaka, na shiga motar Jahun, daga can na hau babur zuwa rugar. Gero ya fara tasawa, ko'ina kore shar, shanun mutane na ta kiwo a gefen hanya. Ni dai raina baƙi ƙirin. Na yi niyyar in tsaya a gaban ardo da duk wanda ya daina gaishe da Inna, in karanta musu da ƙarfi, su san garken Kawu bai kawo wa kowa ciwo ba.

Na sami Kawu a ƙarƙashin bishiya yana tufka igiya. Muka gaisa. Ban tambayi saniyar ba, turkenta na nan a gefe ba kowa. Na fito da takardar na karanta masa, na fassara. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya sa na sake karantawa.

"Wato da ta tashi."

"Da ta tashi, Kawu."

Na ce masa zan je wajen ardo. Ya ce ardo zai ji daga bakinsa, su biyu, in ya ga lokacin ya yi. Sannan ya waiga wajen bukkoki ya matso kusa da ni.

"Dada, Innarki ta ce min ta fara cin dusa. Ta ce in jira, ta ga alamar sauƙi a idonta. Na ce mata huhu haka yake yi, ya yi kamar ya saki. Da haka na samu ta sake min igiyar." Ya sake waigawa wajen bukkokin. "In ta ji wannan, ba za ta ƙara kwana da daɗi ba. Ki ajiye takardarki."

Na buɗe baki zan ce na gaji da ajiye magana, ajiye magana ce ta kawo mu nan. Sai ga Inna ta fito daga bukka da ƙwarya a hannu. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta ajiye min nono, ta ba ni haƙuri ta ce na maƙwabta ne, bai kai wanda na saba sha ba. Ta tsuguna a gabana, ta dubi jakata, ta dube ni.

"'Yar nan, takardar likitan fa? Huhun ne ko?"

Kawu ya ci gaba da tufkar igiyarsa, bai ɗago ba. Na ja zif ɗin jakar na rufe.

Na ce, "Har yanzu ba ta iso ba, Inna."